Waiwaye a Kan Tarihin Hulɗar Ciniki Tsakanin Amurka da Ƙasar Sin, 1784-2025

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 darajar kayan da suka gilma tsakanin Amurka da ƙasar Sin, na shiga da na fita, ta kai kimanin dala biliyan 690. Shekaru hamsin kafin nan, wato a 1972, abin bai kai dala miliyan 100 ba. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma biyu zai ɗauka cewa ƙasashen aminan juna ne, alhali kuwa zaman nasu ya fi kama da na 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka ƙulla wannan hulɗa da yadda aka ƙarfafa ta. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, a duk lokacin da cinikin ya bunƙasa, wata buƙata ta siyasa ce ta buɗe masa ƙofa, kuma sau da yawa kalmomin da aka zaɓa aka rubuta cikin yarjejeniyoyi su ne suka riƙe ƙofar. Wannan batu na ƙarshe ya shafi manazarta harshe kai tsaye, don haka za a ɗan daɗe a kansa.

2.0 Zamanin Kanton

Ran 22 ga Fabrairu, 1784, watanni kaɗan bayan Ingila ta amince da 'yancin Amurka, wani jirgin ruwa mai suna Empress of China ya tashi daga Niyok, ya isa Kanton a watan Agusta. Mafi yawan kayan da ya ɗauka saiwar jinsen ce, wadda Sinawa ke haɗa magani da ita. Ya komo gida a 1785 ɗauke da ganyen shayi da siliki da tangaran. A wancan zamani gwamnatin Sin ta taƙaita cinikin Turawa a tashar Kanton kaɗai, kuma sai ta hannun wasu 'yan tsirarun attajirai da sarki ya ba izini.

Matsalar da ta addabi fataken Amurka ita ce ba su da abin da Sinawa ke so ƙwarai. Sun gwada fatun dabbobi da itacen sandal, amma akasarin kuɗin shayi da azurfa suke biya. Ke nan giɓin ciniki da ake ta kuka da shi a zamaninmu tsohon ciwo ne. Maganin da suka samo masa abin kunya ne, domin sun bi sawun Ingilawa wajen shigar da ƙwayar ofiyam mai sa maye, su nasu suna sarowa daga Turkiyya. Kamfanin Russell & Company ya yi fice a wannan sana'a, kuma ɗaya daga cikin manyansa, Warren Delano, shi ne kakan Shugaba Faranklin Rusbel na wajen uwa.

Bayan Ingila ta ci Sin da yaƙi a 1842, Amurka ta aika Caleb Cushing, wanda ya ƙulla yarjejeniyar Wanghiya a watan Yuli, 1844. Yarjejeniyar ta buɗe wa Amurkawa tasoshi biyar, ta hana kotunan Sin hukunta Ba'amurke, ta kuma tanadi cewa duk wani sauƙi da Sin ta yi wa wata ƙasa, to Amurka ma ta samu. Amurka ba ta harba ko harsashi ɗaya ba, amma ta ci moriyar yaƙin da wani ya yi. An ƙayyade kuɗin fiton da Sin za ta iya karɓa a kan kayan waje a wajen kashi 5 cikin 100, kuma Amurka ba ta amince Sin ta yanke nata kuɗin fito da kanta ba sai a 1928. A cikin wannan tsakani ne Amurka ta kafa dokar 1882 wadda ta hana ma'aikatan Sinawa shiga ƙasarta, bayan sun gama taimaka mata shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashinta da yammacinta a 1869. Ba a soke dokar ba sai a 1943. Sinawa ba su manta da waɗannan abubuwa ba, kuma wanda bai san su ba zai yi ta mamakin zafin da shugabanninsu ke ɗauka idan aka gindaya musu sharaɗi daga waje.

3.0 Shekarun Takunkumi

'Yan kwaminis sun kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949. Da sojojinsu suka shiga Yaƙin Koriya a ƙarshen 1950, Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumin ciniki baki ɗaya, ta riƙe dukiyarta da ke bankunan Amurka, ita ma Sin ta ƙwace kadarorin Amurkawa. Shekara ashirin da ɗoriya ciniki ya tsaya cik, har ta kai Ba'amurken da ya je yawon buɗe ido Hon Kon ba ya iya komawa gida da tsarabar da aka yi a Sin.

4.0 Buɗe Ƙofa, 1969-1980

Tsoron Tarayyar Sobiyat ne ya sasanta su. A watan Maris, 1969, sojojin Sin da na Sobiyat suka gwabza a wani tsibiri da ke Kogin Usuri, kuma Mawo Zedon ya fahimci cewa maƙwabcinsa ɗan'uwansa a aƙida ya fi Amurka haɗari. A ɗaya ɓangaren, Shugaba Nikson yana neman hanyar fita daga Yaƙin Biyetnam da kuma abin da zai matsa wa Mosko lamba. A watan Afrilu, 1971, Sin ta gayyaci 'yan wasan ƙwallon tebur na Amurka. A watan Yuni Nikson ya ɗage takunkumin. A watan Yuli Henri Kisinja ya sulale daga Pakistan zuwa Bejin a asirce, bayan an ba da sanarwar cewa ciwon ciki ya kwantar da shi. Nikson da kansa ya sauka a Bejin ran 21 ga Fabrairu, 1972.

Babban cikas shi ne Taiwan, inda gwamnatin da 'yan kwaminis suka kora ta fake, wadda kuma Amurka ke ɗauka a matsayin halattacciyar gwamnatin Sin. A nan ne aikin harshe ya shigo. A sanarwar haɗin gwiwa ta Shanghai, Amurka ta ce ta san cewa Sinawan da ke ɓangarori biyu na mashigin Taiwan suna riƙe da cewa Sin ɗaya ce kuma Taiwan yankinta ce, ta ƙara da cewa ba ta ƙalubalantar wannan matsayi. Kalmar aikatau ta Ingilishi da aka zaɓa ita ce acknowledge, wadda ke iya ɗaukar ma'anar sanin cewa wani ya faɗi magana, ba tare da an gaskata shi ba. Bahaushe ya san wannan bambanci sarai: idan mai gida ya ce wa mai roƙo "na ji", bai ce "na yarda" ba, ko da yake mai roƙon na iya komawa gida da murna. A rubutun Sinanci na 1972 an fassara kalmar da renshidao, wadda ta yi kusa da "na ji". Amma a sanarwar ƙulla hulɗar jakadanci, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 1979, rubutun Ingilishi ya riƙe kalmarsa ta da, shi kuwa na Sinanci ya koma chengren, wadda ta fi karkata ga "na yarda". Kowane ɓangare ya koma wa jama'arsa da rubutun da ya dace da shi. Mai fassara na iya kallon wannan a matsayin aibi, sai dai a ganina da an matsa sai kalmomin biyu sun yi daidai da juna, da ba a sa hannu ba, kuma da cinikin da ya biyo baya bai samu gindin zama ba.

Cinikin farko na manyan kaya ne da gwamnatin Sin ke buƙata. A 1972 ta sayi jiragen sama goma samfurin Boeing 707, a 1973 kuma ta yi odar masana'antun takin zamani takwas daga kamfanin Kellogg, ga kuma alkama da auduga. Amma sai bayan rasuwar Mawo a 1976, da kuma taron jam'iyya na watan Disamba, 1978, wanda ya ba Den Shiyawpin damar sauya akalar tattalin arziki, sannan al'amari ya kankama. Den ya ziyarci Amurka a farkon 1979, kuma wuraren da ya je sun nuna abin da ke ransa: masana'antar motocin Ford kusa da Atlanta, cibiyar binciken sararin samaniya a Hustan, da masana'antar Boeing a yankin Siyatil. Ran 7 ga Yuli, 1979, aka sa hannu kan yarjejeniyar ciniki a Bejin, ta fara aiki ran 1 ga Fabrairu, 1980. A shekarar ce kuma Sin ta keɓe yankunan tattalin arziki na musamman guda huɗu, ciki har da Shenjen da ke maƙwabtaka da Hon Kon.

5.0 Rigimar Suna da Shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya

Ginshiƙin yarjejeniyar 1979 shi ne kowace ƙasa ta ba ɗaya matsayin da a harshen dokokin ciniki ake kira na "ƙasar da aka fi fifitawa". Wannan dai shi ne sharaɗin nan na 1844, sai dai a wannan karo ya hau kan ɓangarorin biyu. Sunan yana da ruɗi, domin ba wani fifiko a ciki. Ma'anarsa kawai ita ce za a caji kayanka kuɗin fito daidai da na mafi yawan ƙasashen duniya. Ƙasar da ba ta da matsayin kuwa, kayanta na faɗawa ƙarƙashin dokar kuɗin fito ta 1930, wadda ƙimarta ta ninka ta yau da kullum sau da yawa.

Akwai kuma wata ƙaya. Wani gyara da aka cusa cikin dokar ciniki ta Amurka ta 1974, mai ɗauke da sunayen 'yan majalisa Jackson da Vanik, ya hana ba ƙasashen kwaminis wannan matsayi na dindindin. Dole shugaban ƙasa ya sabunta shi kowace shekara, kuma majalisa na da ikon ƙin amincewa. A shekarun 1980 sabuntawar ba ta tayar da ƙura ba, saboda har lokacin Sobiyat na nan. Kamfanin American Motors ya shiga haɗin gwiwar ƙera motar Jeep a Bejin, KFC ya buɗe shagonsa na farko a birnin a 1987, Sin kuma ta nemi shiga yarjejeniyar ciniki ta duniya a 1986.

Abubuwa biyu suka sauya lissafin. Na farko shi ne kisan masu zanga-zanga da sojoji suka yi a kewayen dandalin Tiyananmen a watan Yuni, 1989. Na biyu shi ne rushewar Tarayyar Sobiyat a 1991, wadda ta kawar da abokin gabar da ya haɗa su. Daga 1990 sabuntawar ta zama fagen fama na shekara-shekara, kuma sunan nan ya zama makami a hannun masu adawa, domin yana da wuya ɗan majalisa ya bayyana wa mazaɓarsa dalilin da zai sa a kira gwamnatin da ta harbe ɗalibai "wadda aka fi fifitawa". Sau biyu a 1992 Shugaba Bush babba ya hau kujerar na-ƙi a kan dokokin da suka nemi gindaya wa Sin sharuɗɗa. Bil Kilinton, wanda ya soki Bush a kan haka lokacin yaƙin neman zaɓe, ya ɗaura sabuntawar a kan kyautata haƙƙin ɗan'adam a watan Mayu, 1993. Sin ta yi kunnen uwar shegu, manyan kamfanonin Amurka suka matsa, shekara guda bayan nan ya warware ɗaurin da hannunsa. A 1998 majalisa ta sauya sunan a dokokin Amurka zuwa "hulɗar ciniki ta yau da kullum". Ba a taɓa ko sisi na kuɗin fito ba, suna kawai aka sauya, amma hakan ya rage wa masu adawa kaifi.

Tattaunawar shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta kusa wargajewa a 1999. Firayim Minista Ju Ronji ya zo Washinton a watan Afrilu da tayi mai tsoka, Kilinton ya yi jinkirin karɓa, sannan a watan Mayu jiragen Amurka suka jefa bam a ofishin jakadancin Sin da ke Belgired, mutum uku suka mutu. Duk da haka an cimma yarjejeniya ran 15 ga Nuwamba. Majalisar Wakilai ta amince da ba Sin matsayin na dindindin da ƙuri'a 237 a kan 197 a watan Mayu, 2000, Majalisar Dattawa kuma da 83 a kan 15 a watan Satumba. Sin ta zama mamba ran 11 ga Disamba, 2001. Hujjar da gwamnatin Kilinton ta fi dogara da ita ita ce ciniki zai sassauta mulkin Sin sannu a hankali. Shi kuwa Ju Ronji yana son ya yi amfani da alkawuran da ƙasarsa ta ɗauka a waje ya tilasta wa kamfanonin gwamnati gyara a gida. Wato kowa da abin da ya hango a cikin takarda ɗaya.

Sin ce ta rage kuɗin fito, daga matsakaicin kashi 15 da ɗoriya a 2001 zuwa ƙasa da kashi 10 a 2010. Amurka ba ta rage komai ba. Abin da ta kawar shi ne fargabar cewa wata shekara majalisa za ta iya soke matsayin, kuma binciken Justin Pierce da Peter Schott na 2016 ya nuna cewa kawar da wannan fargaba ce ta ba kamfanoni ƙwarin gwiwar kwashe masana'antunsu zuwa Sin.

6.0 Riba da Hasara

Kayan da Amurka ke saye daga Sin sun tashi daga kimanin dala biliyan 100 a 2000 zuwa kusan biliyan 540 a 2018, abin da take sayar mata kuma daga biliyan 16 zuwa wajen biliyan 120. Giɓin 2018, kimanin biliyan 418, shi ne mafi girma a tarihin cinikin kayan ƙasashen biyu. Sin ta riƙe kuɗinta a kan yuwan 8.28 ga dala ɗaya har zuwa watan Yuli, 2005, kuma dalolin da ta tara ta zuba da yawansu cikin takardun lamuni na gwamnatin Amurka. A 2008 ta zarce Japan ta zama ƙasar wajen da ta fi kowa riƙe waɗannan takardu, abin da ya kai wajen dala tiriliyan 1.3 a 2013. Mai saye yana cin bashi daga mai sayar masa don ya ci gaba da saye, shi kuma mai sayarwa ba ya iya matsa wa mai bashin don kada kasuwarsa ta mutu.

Ribar a bayyane take. Tattalin arzikin Sin ya wuce na Japan a 2010 ya zama na biyu a duniya, ɗaruruwan miliyoyin mutanenta suka fita daga matsanancin talauci. Iyalan Amurka sun samu tufafi da kayan lantarki da araha, manoman waken soya sun samu babbar kasuwa, kuma a 2010 kamfanin General Motors ya sayar da motoci a Sin fiye da yadda ya sayar a gida. Hasarar kuwa ta taru ne a wurare ƙalilan. Ma'aikatan masana'antu a Amurka sun ragu daga kimanin miliyan 17 a 2000 zuwa miliyan 11 da rabi a 2010. Injuna da karyewar tattalin arziki ta 2008 suna da nasu kason laifi, amma wani bincike na 2016 da Daron Acemoglu da David Autor da abokan aikinsu suka yi ya ɗora wa gasar kayan Sin asarar ayyuka miliyan 2 zuwa 2.4 tsakanin 1999 da 2011. Garuruwan da suka dogara da masana'antar kujeru ko ta saƙa guda ɗaya su suka fi ɗanɗana kuɗarsu, kuma tallafin da gwamnati ta tanadar musu bai taka kara ya karya ba. Wannan sakaci, a ra'ayina, shi ne babban kuskuren waɗanda suka gina hulɗar.

Mu ma nan guguwar ta taɓa mu. Da aka soke ƙa'idar ƙayyade yawan yadin da ƙasashe ke fitarwa ran 1 ga Janairu, 2005, masaƙun Sin sun ƙara faɗaɗa, atamfarsu ta cika Kantin Kwari, a daidai lokacin da masaƙun Kaduna da Kano, waɗanda rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri suka riga suka raunana, ke rufewa ɗaya bayan ɗaya.

7.0 Yaƙin Kuɗin Fito

An yi ta kafa zaurukan tattaunawa, kamar na 2006 da Sakataren Baitulmali Henry Paulson ya jagoranta da wanda ya gaje shi a 2009, amma koke-koken Amurka a kan tallafin da Sin ke ba kamfanoninta da tilasta wa baƙi miƙa fasaharsu ba su kau ba. Sassaucin mulki da aka yi fata bai zo ba, kuma shirin da Sin ta fitar a 2015 na mamaye manyan fasahohi kafin 2025 ya tsorata har kamfanonin da suka saba kare ta a Washinton.

Ran 6 ga Yuli, 2018, gwamnatin Turamp ta ɗora kuɗin fito na kashi 25 cikin 100 a kan kayan Sin na dala biliyan 34. Sin ta rama a kan waken soya da sauran amfanin gona, har gwamnatin Amurka ta ware dala biliyan 28 cikin shekaru biyu don rarrashin manomanta. A yarjejeniyar 15 ga Janairu, 2020, Sin ta yi alkawarin ƙarin sayayya ta dala biliyan 200 cikin shekaru biyu, alkawarin da bai cika ba. Shugaba Baidin ya bar harajin yadda ya same shi, ya ƙara da hana sayar wa Sin ingantattun ƙwayoyin na'ura masu zama ƙwaƙwalwar kwamfuta a watan Oktoba, 2022, sannan a 2024 ya ɗaga kuɗin fiton motocinta masu aiki da lantarki zuwa kashi 100. A 2023 Meziko ta karɓe matsayin ƙasar da Amurka ta fi sayen kaya daga gare ta, ko da yake wani kaso na abin da ke fitowa daga Meziko da Biyetnam sassansa daga Sin suke.

A watan Afrilu, 2025, bayan dawowar Turamp, sabon harajin Amurka a kan kayan Sin ya kai kashi 145, na Sin kuma 125, ƙimar da kusan daidai take da takunkumi. Wannan karo bai yi shekara ashirin ba, wata guda ya yi. A taron Janiba na watan Mayu aka sauko da su zuwa 30 da 10. Sin, wadda ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na wasu ma'adinai na musamman da ake yin maganaɗisun motoci da makamai da su, ta taƙaita fitar da su, ta kuma daina sayen waken Amurka na tsawon watanni ta koma ga Barazil da Ajantina. Da Turamp da Shi Jinpin suka gana a Busan ta Koriya ta Kudu ran 30 ga Oktoba, 2025, Amurka ta rage harajinta da kashi 10, Sin ta jingine sababbin ƙa'idojinta na ma'adinai, kuma a cewar fadar shugaban Amurka ta yarda ta sayi tan miliyan 25 na waken soya a kowace shekara har shekara uku. Wa'adin da aka ɗiba wa wannan sulhu shekara ɗaya ne, wato tsawon wa'adin da ake sabunta matsayin Sin da shi kafin dokar 2000.